Daga Rumbu zuwa Jarka: Waiwaye kan Tanadin Abinci a Tudun Wadar Zariya

Tanadin abinci na dogon lokaci, wato ajiye abin da iyali za su ci na watanni saboda ranar da kasuwa ta ƙi shiguwa ko farashi ya fi ƙarfin aljihu, tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, sai dai kamanninta sun sauya ƙwarai cikin shekaru ɗari da suka wuce, kuma sauyin ya fi fitowa fili a unguwannin da suka tashi a bayan ganuwa zamanin mulkin Turawa. Tudun Wadar Zariya tana cikin irin waɗannan unguwanni. Ta kafu tsakanin Ƙofar Doka da kogin Kubanni bayan Turawa sun ci Zazzau a 1902, ta bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, kuma an keɓe ta ne domin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba 'yan birni ba, kamar yadda aka keɓe Sabon Gari domin mutanen Kudu. Mazaunanta na farko leburori ne da masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa da ma'aikatan En'e, daga baya malaman asibiti da ma'aikatan Kamfanin Gaskiya da na makarantar horar da akawuna ta Kongo suka ƙaru a kansu. Ke nan tun asali yawancin tuwon da ake tuƙawa a unguwar da kuɗi ake sayen hatsinsa, ba daga gonar gandu yake fitowa ba.

Ba za a gane abin da ya sauya ba sai an fara da rumbu, ma'ajiyar hatsin manomi a ƙauyukan da ke kewaye da Zariya. Akwai na kara ko zana, wanda ake ɗaurawa a kan itatuwa, akwai kuma rufewa, wadda ake ginawa da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa, a ɗora ta a kan duwatsu don kada danshin ƙasa da gara su kai gare ta, a bar mata baki ɗaya daga sama, a kifa masa jinka. Hatsin da ake zubawa ciki ba sussukakke ba ne: dawa da gero ana yanke su da zangarniyarsu, a shanya su a gona har su bushe, a ɗaure su dami-dami, kuma da dami ake lissafin komai, tun daga zakka, inda ake fitar da ɗaya cikin goma, har zuwa abin da zai kai gida wata kakar. Maigida ke riƙe da wannan lissafi, shi ke sa yaro ya hau tsani ya fiddo dami a miƙa wa matar da ke da girki, ita kuma ta sussuka, ta sheƙe, ta surfa, ta niƙa iyakar abin da za a ci a ranar ko washegari.

Ƙarfin wannan tsari ya dogara ga bushewa da kuma barin ƙwaya cikin rigarta. Iskar hunturu da ke kaɗawa a ƙasar Zazzau daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana tsotse sauran danshin da ke jikin hatsi, ƙwari kuwa ba sa hayayyafa sosai a ƙwayar da ta bushe ƙamas, balle wadda ƙaiƙayi ke lulluɓe da ita. Shi ya sa da masanin ƙwari P. H. Giles, wanda ya yi aiki a Samaru, ya bincika rumbunan manoman Arewa a farkon shekarun 1960, ya tarar cewa abin da ƙwari ke ci daga dawar da aka ajiye da zangarniyarta ɗan kaɗan ne a shekara guda. Gero ya ma fi dawa jimiri, don ƙwayarsa ƙarama ce mai tauri, ya kan yi shekara biyu ko uku a rufewa mai kyau bai lalace ba. Malamai kan tunatar da cewa shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya bayar a Masar, kamar yadda Alƙur'ani ya ba da labari, ita ce a bar amfanin shekarun wadata cikin zangarniyarsa, kuma manomin Zazzau, ko ya yi karatu ko bai yi ba, a kan haka ya tashi.

Duk da haka bai kamata a ɗauki zamanin rumbu a matsayin zamanin da kowa ya ƙoshi ba. Binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa kusa da Katsina, wanda aka wallafa a 1972, ya nuna cewa manoma masu hali ne ke iya riƙe hatsi har ya yi tsada, talakawa kuwa bashi da haraji kan tilasta musu su sayar da kaka da araha, su dawo suna saye da damina a kan farashi mai zafi, sau da yawa daga hannun maƙwabtansu. Tarihi kuma bai manta da shekarun da rumbuna suka ƙare ƙaf ba: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, Mai Buhu ta 1927, 'Yar Gusau ta 1942, farin 1973, da yunwar 1984 wadda mutanen Maraɗi ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Ƙasar Zazzau, da yake tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, ta fi zama wurin da mutanen arewa da ita ke gangarowa neman hatsi a irin waɗannan shekaru, kuma wannan sa'a tana cikin abin da ya sa mazauna Zariya suka saki jiki da cewa kasuwarsu ba ta rasa abinci.

Mazaunin Tudun Wada bai rabu da ajiya a rana ɗaya ba. Tsofaffin gidaje masu faɗin tsakar gida ba sa rasa rumbu ko taska, wato ɗakin ajiya, domin ma'aikata da yawa suna noma a bayan gari, wasu kuma 'yan'uwa ne ke aiko musu da hatsi daga ƙauye da kaka; wanda ba shi da ko ɗaya ya kan sayi buhu in an yi albashi, ko ya dogara ga awo, wato sayen hatsi mudu-mudu ko tiya-tiya a wurin ma'auna. Shekarun arzikin man fetur ne suka rinjayar da unguwar zuwa ga kasuwa gaba ɗaya. Cikar da gari ya yi da ɗalibai da ma'aikata bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da ƙarin albashin Udoji na 1974, da shinkafa da alkamar da aka riƙa shigowa da su daga waje, da yawaitar injin niƙa, duk sun taru sun mai da filin rumbu ɗakin haya, sun kuma mai da tanadin shekara kuɗin cefanen kullum. A daidai wannan lokaci gonakin ma suka sauya, domin shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, tare da takin zamani mai rahusa da sababbin irin shuka, ya buɗe wa masara ƙofa har ta mamaye gonakin Giwa da Soba da Maƙarfi da Saminaka. Masara tana ba da yabanya mai yawa, amma ba ta kai dawa da gero jure ajiya ba, tana saurin jawo ƙwaro da fumfuna.

A nan ne asalin matsalar ɗan birni take. Abin da ke isowa gidansa tsaba ce, wato hatsin da aka riga aka sussuka aka raba shi da rigarsa, cikin saƙaƙƙen buhun da iska da ƙwari ke ratsawa, kuma wurin da zai ajiye shi ɗaki ne mai daɓen siminti da rufin kwano, wanda ke ɗaukar zafi da bazara ya riƙe danshi da marka. Wake ya fi kowane amfani shan wahala a irin wannan hali, don ƙwaronsa tun daga gona yake biyo shi: uwar ta kan manna fararen ƙwai ƙanana a bayan ƙwaya, tsutsa ta huda ta shige ciki tana ci, cikin kimanin wata guda ta fito ƙwaro ta bar rami, ta sake haihuwa. Uwargidan da ta kwance bakin buhun da aka saya a Disamba, in ta zura hannu a watan Afrilu, ɗumi za ta fara ji kafin ta ɗebo waken da kowace ƙwaya ke da rami biyu ko uku, ga gari ya taru a gindin buhu, ga warin da dahuwa ba ta kawar da shi.

Da guba aka cike giɓin da rumbu ya bari, kuma wannan shi ne babi mafi muni a tarihin ajiyar abinci a biranen Arewa. An yi zamanin barbaɗa Gammalin, aka zo na fiya-fiya da Sniper, magungunan da ba domin a zuba su cikin abin da mutum zai ci aka yi su ba, har hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu, Tarayyar Turai kuma ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015 saboda yawan sinadarin diklorbos da aka samu a jikinsa. Akwai kuma ƙwayar Phostoxin da ake cusawa cikin buhu, wadda ke fitar da iskar fosfin in ta sha danshi. Iskar tana kashe ƙwari sarai, amma tana kashe mutum ma, kuma an tsara ta ne domin manyan ɗakunan ajiya da ake rufewa ruf a hannun waɗanda aka horar. A gidan haya na ciki da falo, inda buhun hatsi ke jingine a kusurwar ɗakin da yara ke kwana, sa wannan ƙwaya ganganci ne da rai, kuma ba wata tsadar wake da za ta halatta shi.

Shekaru da dama rashin ajiya bai dami masu albashi ba, domin kasuwar Tudun Wada da ta Sabon Gari a buɗe suke kullum. Abin da ya faru daga 2020 zuwa 2024 ne ya nuna cewa hanyar da ke tsakanin aljihu da tukunya tana iya yankewa ta wurare daban-daban. A ranar 26 ga Maris 2020 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar hana fita ta sa'o'i 24 saboda annobar korona, dokar da ba a ɗage ta ba sai cikin watan Yuni, in ban da sassaucin kwana ɗaya ko biyu a mako domin sayen abinci. A nan abinci yana nan, kasuwa ce a rufe. A farkon 2023 sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, mai dubbai a banki ya rasa abin da zai miƙa wa ma'auni. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, ga faɗuwar darajar naira, ga 'yan bindigar da suka hana noma a sassan Giwa da Birnin Gwari, suka ingiza hauhawar farashin abinci har ya haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, shekarar da gidaje a Arewa suka koma cin afafata, wato gutsattsarin shinkafar da a da ake ba kifi. A ranar 5 ga Agusta na shekarar aka sake sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya saboda zanga-zangar tsadar rayuwa. Rumbun gwamnati kuwa bai isa a jingina da shi ba: tan 42,000 na hatsi da aka ba da umarnin fitarwa a Fabrairu 2024, ko da yake domin masu rauni aka nufa, in da za a raba wa mutum fiye da miliyan 200, rabon kowa ba zai kai abincin yini guda ba.

Tambayar da ke gaban maigida a yau ita ce me zai ajiye, nawa, kuma cikin me. Ƙa'idar da hukumomin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya ke aiki da ita, ta kalori 2,100 ga mutum a yini, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, tana fitowa kusan giram 450 na hatsi, giram 60 na wake, giram 25 na mai da giram 5 na gishiri. In aka buga wannan ga gida mai mutum takwas, za a ga suna cin buhu guda mai kilo 100, wato kimanin tiya 40, da 'yan kai a wata. Tanadin wata uku ke nan zai kama buhu uku da ɗoriya na hatsi, kusan rabin buhun wake, jarkar mai ta lita 20, da gishiri kilo huɗu. Wata uku shi ne mizanin da ya dace da Zariya, domin shi ne tsawon watannin ƙunci, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da tsohon hatsi ke ƙarewa sabo bai nuna ba, kuma ya fi tsawon duk wata dokar hana fita da garin ya gani a 'yan shekarun nan. Gwamnatin Jamus kwana goma ta shawarci mutanenta su tanada, saboda abin da take tsoro ɗaukewar wuta ne ko ambaliya. Wanda ke tsoron farashi kuwa lissafinsa na watanni ne.

Wajen zaɓi, hukunci mafi muhimmanci shi ne a ajiye abin da gidan ke ci dama, a riƙa ci daga tsoho ana mayar da sabo. A Amurka akwai kamfanonin da ke sayar da bokitan busasshen abinci da aka ce yana shekara 25, kuma a kan ga masu hali suna sha'awar irinsu ko suna tara katan-katan na gwangwani da taliya. Amma abincin da aka kulle ba a taɓawa ba a sanin ranar da ya lalace, wanda yara ba su saba da shi ba kuma ba a ranar firgici za su fara koyon cinsa ba. Japanawa, musamman bayan girgizar ƙasar 2011, sun koma ga tsarin ci-a-mayar, wanda shi ne dai abin da rumbu ke yi tun fil azal. A kan wannan ma'auni dawa da gero ne ya kamata su zama gindin ajiya, shinkafa mai tafashe ta biyo baya saboda tana jimawa kuma ba ta buƙatar niƙa, masara ta zo ƙarshe kuma ita za a fara cinyewa. Tsaba ake ajiyewa, ba gari ba, don niƙa na fasa ƙwaya ya fito da maiƙonta ga iska, shi ya sa garin gero ke yin ɗaci cikin 'yan kwanaki. Mai ma ba ya son rana da iska, gara a raba shi cikin ƙananan galan a ajiye a duhu, a kuma ƙarar da shi kafin shekara ta zagayo.

Abin da ya cancanci a kira magajin rumbu shi ne ajiya ta toshe iska, wato rufe hatsi cikin mazubin da iska ba ta shiga ba ta fita, ta yadda ƙwarin da ke ciki za su shaƙe ɗan oksijin ɗin da ya rage, su daina ci da haihuwa, su mutu cikin 'yan makonni ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Larry Murdock, tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru, su suka gwada dabarar a kan wake a ƙarshen shekarun 1980, daga 2007 kuma aka yaɗa ta a Nijeriya da Nijar da sunan buhun PICS: leda biyu masu kauri a ciki, saƙaƙƙen buhu a waje, kowanne a matse iskarsa a ɗaure bakinsa daban. Ana yin buhun a Kano, kuma yana aiki shekara biyu ko uku in bai huje ba. Matan gari kuwa sun daɗe da gano cewa jarkar man girki mai ruwan ɗorawa, in aka wanke ta ta bushe sarai, aka cika ta da wake har wuya ana bubbuga gindinta da ƙasa don ya zauna, aka shimfiɗa leda a bakinta kafin a murɗa murfi, aikin ɗaya take yi, har ta fi buhu ta fuska biyu: ɓera ba ya saurin huda ta, kuma da yake kilo 20 ko ƙasa da haka take ci, buɗe ɗaya ba ya shigar da iska cikin sauran. Sharaɗin dai kada ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, kuma a ɗora ta a kan katako nesa da bango.

Toshe iska ba ya gyara hatsin da bai bushe ba, ruɓar da shi yake yi. Masana sun tsayar da cewa danshin masara kada ya wuce kashi 13 cikin ɗari, kuma ko ba na'ura ana iya gwadawa: busasshiyar ƙwaya ƙas take fashewa a haƙori, mai danshi kuwa lotsawa take, ko kuma a zuba hatsi da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya. Haɗarin ya wuce na asarar kuɗi. Fumfunar da ke kama masara da gyaɗa masu danshi tana haifar da gubar aflatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, gubar da ke lalata hanta, tana tsumburar da yara, dahuwa kuma ba ta kashe ta; a 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya daga masarar da aka ajiye da danshi. Saboda haka sabuwar masarar Satumba, komai araharta, ta ci ce ba ta ajiya ba, gyaɗar da ta canja launi ko ta yi ɗaci kuma zubarwa ake yi.

Ɓangaren da bai taɓa mutuwa ba a gidajen Tudun Wada shi ne na kayan miya, domin a hannun mata yake. Kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi da zogale, da daddawa da barkono da tsamiya da kanwa, da kauɗar tumatir da ake yankawa a shanya lokacin da noman rani ya cika kasuwa, duk suna watanni a gwangwani ko roba mai murfi ba su buƙaci lantarki ba. Wanda ya ga yadda tsutsar tumatir ta cinye gonakin Jihar Kaduna a 2016 har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin ya san darajar kauɗa. Firji kuwa, a garin da wuta ke yin kwanaki ba ta zo ba, ba a sa shi cikin lissafin tanadi.

Inda masu tanadi suka fi yin tuntuɓe shi ne manta cewa tsaba ba ta zama tuwo sai da niƙa da ruwa da wuta. Turmi da taɓarya da dutsen niƙa sun bar gidaje da yawa, injin unguwa kuma da man dizal ko lantarki yake tashi, don haka gidan da ya tara buhuna ba shi da turmi yana iya kwana da yunwa a ranar hana fita. Ruwan famfo tsohon ciwo ne a Zariya, kuma 'yan ga-ruwa ma dokar ba ta barinsu fita. Ƙa'idar agaji ta lita 15 ga mutum a yini tana nufin gida mai mutum takwas na buƙatar jarka shida ta lita 20 kowace rana, duro biyu ke nan za su kai su kwana uku da ɗan abin da ya rage, kuma alif kwantar da laka kawai yake yi, tafasawa ko sinadarin kulorin ne ke kashe ƙwayar kwalara. Sai buhun gawayi ko ƙarin tukunyar gas, da ashana, da fitila mai cajin rana, da 'yan takardun kuɗi a hannu, da maganin wata guda ga mai hawan jini ko ciwon suga. Yana da kyau kuma a ware abincin mako guda da ba ya neman wuta, kamar garin kwaki da ƙuli-ƙuli da mazarƙwaila da dabino. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu na ɗari-ɗari da tanadi don tsoron kada ya zama ɓoye abinci, abin da Musulunci ya haramta, kuma tsoron yana da tushe, ganin yadda a Fabrairu 2024 hukumar yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta rufe ɗakunan ajiya a kasuwar Dawanau bisa zargin haka. Amma malamai sun bambanta su tun da daɗewa. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya kan ajiye wa iyalansa abincin shekara. Abin da aka hana shi ne kwashe kasuwa lokacin tsanani a riƙe har jama'a su galabaita domin a ci ƙazamar riba. Wanda ya saya da kaka, lokacin da hatsi ke zube manomi na neman mai saye, ya taimaki manomi kuma ya rage cunkoson masu awo da damina. Faɗuwar farashin hatsi a 2025, wadda ta jawo wa 'yan kasuwa da yawa da suka tara buhuna asara mai yawa, ba ta taɓa wanda ya ajiye domin ci ba, sai dai ya ga ya ɗan saya da tsada.

Abin da ya rage, kuma ya fi nauyi, shi ne cewa abin da Polly Hill ta gani a Batagarawa yana nan a Tudun Wada da wata riga: mai hali ke sayen buhu da kaka, ɗan acaba da mai wankin hula da malamar makarantar Islamiyya kuwa mudu-mudu suke saye a watan Agusta a kan farashi mafi tsada a shekara. Gaya wa irin waɗannan gidaje su tanadi buhu uku ba shi da amfani in ba a nuna musu hanya ba, hanyar kuwa tana cikin abin da suka riga suka sani. Adashin da mata ke zubawa domin kayan ɗaki yana iya zama na hatsi, a kwashe shi a Disamba, gidaje huɗu su haɗu su sayi buhu a Giwa su raba tiya goma-goma, kowa ya cika jarkarsa. Kwamitocin masallatai da ke karɓar zakkar hatsi suna iya riƙe wani kaso cikin buhun da ba ya shan iska domin a raba a watannin ƙunci, in malamai sun duba sun ga halaccin yadda za a tsara shi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ke komawa 1922, da cibiyar NAERLS mai aikin wayar da kan manoma, ba su fi tafiyar rabin sa'a daga kasuwar Tudun Wada ba, amma yawancin koyarwarsu kan ajiya manomin ƙauye take nufa. Ya kamata malaman gonarsu su shigo unguwa tsakanin Nuwamba da Janairu, su tsaya a bakin rumfunan ma'auna da makarantun matan aure, su nuna yadda ake gwada bushewar hatsi da yadda ake ɗaure buhu mai leda biyu, su kuma faɗa wa kowa ƙarara cewa kada a sa ƙwayar fosfin a ɗakin da ake kwana.